Ba Ƙwayar Hawan Jini Ke Cinye Ƙoda Ba

Malam, ka rubuta cewa haɗaɗɗiyar ƙwayar hawan jini ce ke lalata ƙodar mutanen Jakusko da Gashuwa, wai a ajiye ta da zarar kai ya daina sara. Maganar nan tana iya kai mutum kabari. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ke cinye ƙoda a ɓoye. Binciken CREOLE na 2019, a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi wanda babu shi saukar da hawan jini. Da ka ja kunnen manoma kan diclofenac da ibuprofen da suke sha bayan wunin gona, masu iya lahanta ƙoda! Mai juna biyu kada ta sha haɗin da ke da losartan ko lisinopril, a canza mata. Wanda gudawa ta kama a zafin bazara kuwa, ya garzaya Asibitin Tarayya na Nguru a duba ƙodarsa.