Kyamarar Tsaro da Duhun Omdurman



Tun da sojojin Sudan suka karɓe fadar shugaban ƙasa a Khartoum a watan Maris na 2025, 'yan kasuwa suka fara komawa Suk al-Arabi da babbar kasuwar Omdurman, suna tayar da shagunan da aka wawashe bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wanda aka taɓa yi wa ƙarƙaf, da wuya ya sake buɗe shago bai yi tunanin kyamarar tsaro ba. To amma ɓarawo da dare yake zuwa, wuta kuma ba ta da tabbas, balle da jirage marasa matuƙa suka kai wa tashar lantarki ta Merowe hari a 2025.

Mai sayar da kyamara zai yi ta kirarin megafiksel takwas. Ku ƙyale shi ya gama. Abin da ke gani a cikin kyamara ɗan allon silikon ne da ke bayan gilashinta, wanda aka yanka gida-gida, kowane gida yana tarar nasa hasken kamar ƙoren da aka jera ana tarar ruwan sama. Idan yayyafi ake yi, babbar ƙwarya ce ke samun abin kirki. A kan allon da aka fi sa wa kyamarorin shago, in gidajen miliyan 2 ne, faɗin kowanne maikiron 2.9 ne. In aka cusa miliyan 8 a wuri guda, wato megafiksel takwas ɗin nan, sai ya koma 1.45, wato kowane gida ya tashi da rubu'in hasken. Da rana hoto tangaran, da dare kuwa fuskar ɓarawo ta zama dishi-dishi.

Akwai kuma batun ƙira. A da, wayoyin allon suna gaba, suna tare hasken. A 2008 kamfanin Sony ya fito da allon da aka mayar da wayoyinsa baya, daga bisani ya yi wa kyamarorin tsaro nasu mai suna STARVIS.

Khartoum ma da nata sharaɗin. Zafin da ke haura digiri 40 yana sa allon ya riƙa zuba ɗigo-ɗigo a hoto ko da babu haske. Fitilun infirared da kyamara ke kunnawa da dare suna ba da hoto fari da baƙi, launin jallabiyar mutum ya ɓace, in kuma guguwar habub ta taso, hasken ya bugi ƙura ya dawo ya dallare idon kyamarar.

Don haka, ɗan kasuwa, kafin ka biya, tambayi girman allon, sannan ka ce a gwada maka ita bayan isha'i, a kashe fitila, yaron shago ya gifta ta gabanta da sauri. In ba ka gane fuskarsa ba, riƙe kuɗinka.