Wasiƙa ga telolin Zongon Kwatano

'Yan'uwana masu keke da almakashi.

Duk wanda ya ratsa layukan Babban Masallacin Zongo a goman ƙarshe na azumi zai ji kekunanku suna ruri har asuba. Jama'a na cewa kasuwa ta buɗe. Ni abin da nake gani idanu ne jajaye, da baya a ranƙwafe, da tulin shadda wadda ku da kanku kun san ba za ta ɗinku kafin Idi ba.

Kunya ce ke cin ku. Saura kwana uku Alhaji ya shigo da yadi goma, yana son babbar riga da surfani, bakinku ya yi nauyi ku ce, "Ranka ya daɗe, littafina ya cika." Sai ku karɓa. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ƙarshe a yanka wuya a karkace, a kwana ana farkewa, wanda ya kawo nasa tun watan Sha'aban ya tafi masallaci da tsohon kaftani, ya kuma sauya shago. Wa aka kyautata wa ke nan?

Don Allah ku fara da kanku. Kowa ya san riga nawa hannunsa ke gamawa a mako. Ya rubuta, in adadin ya cika ya rufe karɓa, ko da surukinsa ne ya zo. Ku riƙa karɓar kafin alƙalami, domin zaren da ake saya a kasuwa ba da "Allah ya saka" ake biyansa ba. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Benin ya tashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000. Tela ya zauna da biro, ya cire haya da kuɗin wutar SBEE da abincin yaran shago, ya ga ko abin da ya rage masa a wata ya kai haka. Idan bai kai ba, farashinsa ne ke bukatar gyara.

Maganar ido ta fi damuna. Mai surfani da ya haura shekara 40 yana lalube wajen zura zare, tabarau yake bukata. Ya je a auna shi. A kuma sa fitila mai haske a kan keken.

A Glo-Djigbé masana'antu na fitar da riguna da yawan da ba shagon da zai kamo su. Abin da ke hannunku shi ne awon jikin mutum da kyan aikin wuya, kuma gajiyayye ba ya ƙaro gwaninta. Ku ware yammacin Juma'a don koyon sabon yanka, ku tura yaranku jarrabawar CQM su samu takardar shaidar sana'a. Kwasar adashin bana kuma, kafin a sayi ragon layya a fara kai keken wurin mai gyara.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Zongo