SHAWARA GA MAI SON SAYEN GIDAN FARKO A SULEJA

Maganarmu ta yau a kan gida ce, watau gidan farko, wanda magidanci ya kan tara guminsa na shekaru ya saya ko ya gina. 'Yan'uwanmu da yawa masu neman abinci a Abuja, da masu rumfa a kasuwa, da masu makarantun allo, da direbobi, da ƙananan ma'aikata, haya ta ishe su. Mai gida a can ba ya karɓar kuɗin wata, sai na shekara guda a dunƙule, wani ma har na biyu, kuma in wa'adi ya cika sai ya yi ƙari. Saboda haka idon mutane ya koma Suleja, inda a ke cewa fili yana da sauƙi. To, shin Suleja ta dace da mai sayen gidan farko, ko kuwa ba ta dace ba?

Amsarmu a taƙaice ita ce, ta dace da wani, ba ta dace da wani ba. Abin da ya raba su kuwa shi ne inda kowannensu ya ke neman abincinsa. Amma bari mu bi maganar daki-daki, don kowa ya auna da kansa.

Ku sani Suleja tsohon gari ne, ba irin unguwannin nan da su ka tsiro jiya ba. Abu Ja, ƙanen Muhammadu Makau Sarkin Zazzau, shi ya kafa shi a 1828, kuma sunansa na asali Abuja. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunan, garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta tare a sabuwar Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, sai jama'a su ka yi ta kwararowa, wanda bai iya zaman birnin ba ya sauka a gefensa. Rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ya ke minista, sun ƙara koro dubban mutane zuwa Suleja da Madalla da Gauraka. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 200,000 a ƙaramar hukumar Suleja, kuma duk mai ido ya san tun daga ran nan ƙaruwa ta ke yi. Ga Sarki, ga alƙalai, ga manyan kasuwanni, ga makarantu, ga masallatan Juma'a. Baƙon da ya fito daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ba ya jin baƙunta a can. Wannan alheri ne wanda ba a raina shi.

Mas'ala ta farko ita ce hanya. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka kuma hangen Dutsen Zuma ba shiga Abuja ba ne. Daga Suleja zuwa tsakiyar birnin tafiyar kusan kilomita 50 ce, ta Madalla da Zuba da Kubwa, kuma da safe da maraice cunkoso ya kan riƙe mota har tafiyar ta ninka lokacinta. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai biyo ta cikin Suleja ba, saboda haka mota ce kaɗai abin dogara.

Da can wannan nisa bai dami mutane ƙwarai ba, domin mai yana da araha. Amma ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja. Kuɗin mota ya bi sawu. Tun daga nan lissafin zama a bayan gari ya sake, amma mutane da yawa har yanzu da tsohon lissafi su ke shawara.

Ga misali, don a gane. A ƙaddara mutum yana kashe naira 3,000 kowace rana, zuwa da dawowa, kwana 26 a wata. Ya tashi naira 78,000 ke nan a wata, naira 936,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsayar a 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ashe wanda ya gudu daga hannun mai gidan haya ya faɗa hannun mai mota, shi kuwa mai mota kullum ya ke karɓar nasa, ba ya jiran shekara, ba ya kuma jin roƙo. Ban da kuɗi akwai lokaci. Magidancin da zai fita kafin a sallame Asuba, ya dawo bayan Isha'i, yaushe zai ga karatun 'ya'yansa? Wanda rumfarsa ta ke Zuba ko Dei-Dei, ko cikin kasuwar Suleja ko ta Madalla, wannan nauyi kaɗan ne a kansa. Wanda ta ke Wuse ko Garki ko Utako kuwa, to ya zauna da alƙalami ya yi lissafin shekara guda kafin ya ba dillali ko kwabo.

Mas'ala ta biyu ita ce takarda, kuma a nan ne dukiyar bayin Allah ta fi salwanta. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana. Abin da mutum ya ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, wanda shaidarsa ita ce takardar mallaka mai sa hannun gwamna ko wakilinsa. A ƙauye ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izini irin na gargajiya, amma a wurin da aka ayyana cewa gari ne, iko na gwamna ne. Har wa yau, mai takardar gwamna ba ya sayar wa wani sai da yardar gwamna. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani wajen shaidar cewa an yi ciniki, kuma ba a wulaƙanta ta, amma ranar da hukuma ta zo fitar da hanya ba ta tsayar da katafila. Dokar ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuwa a kan gini da amfanin gona a ke biya, ba a kan ƙasar ba.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan yanki. Madalla tana cikin jihar Neja, Zuba tana cikin yankin babban birnin tarayya, ga su kafaɗa da kafaɗa. Fili biyu da jifa ɗaya ya raba su, ɗaya maganarsa tana Minna, ɗaya tana Abuja, inda minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Tilas mai saye ya san a wane ɓangare filin ya faɗa, ya ɗauki safiyo ya auna, ya je ofishin ƙasa na wannan ɓangare a duba masa ko an riga an ba wani, ko an jinginar, ko yana kan hanya. Filin awon igiya da ba shi da layi, wanda ya ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kusa da bututun mai, ko a bakin babban titi, a bar shi ko da kyauta ne. Ba mu manta da gobarar tankar mai a mararrabar Dikko ba, ranar 18 ga Janairu 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 80. Allah ya jiƙansu.

Malamai sun san wata mas'ala da dillalai ba su cika faɗa ba. Filaye da yawa a tsofaffin garuruwa gado ne da ba a raba ba. In ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shufa'a a mazhabar Maliku, watau su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. Hukuncin da ke cikin Risala shi ne, wanda ke nan ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ya yi tafiya yana nan kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. In kuwa ya sayar da rabon da ba nasa ba, cinikin ma bai zauna ba sai masu shi sun yarda. Saboda haka a tambayi asalin fili, a tara magada duka, a rubuta, a sa shaidu adilai. Kada a ba da kafin alƙalami sai an gama wannan bincike.

Mas'ala ta uku ita ce ruwa, na sama da na sha. Suleja ƙasar duwatsu ce da kwaruruka, ga kogin Iku da ƙoramu sun ratsa ta, damina kuwa ta fi ta Kano ƙarfi da tsawo. A watan Yuli 2017 ambaliya ta share gidaje a garin, aka yi hasarar rayuka. A watan Afrilu 2024 ruwan dare ɗaya ya kayar da katangar gidan yari, fursunoni fiye da 100 su ka fice. In ruwa ya yi wa katangar hukuma haka, ina ga ɗakin talaka da aka gina a bakin rafi da bulo mai ƙarancin siminti? Dillali ya fi son nuna fili da rani, sa'ad da ko'ina ya bushe. Mai hankali ya koma ya gan shi a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, ya dubi alamar laima a jikin katangun maƙwabta, ya ga ko mota tana iya shiga. Sa'an nan ya tambayi ruwan sha. Sababbin unguwanni da yawa famfon hukuma bai kai gare su ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, kuma haƙa rijiya a ƙasar dutse ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk wannan a cikin kuɗin gida ya ke, ko da ba a rubuta shi a takardar ciniki ba. Araha ba ta ado.

Mas'ala ta huɗu ita ce inda kuɗin zai fito. Gwamnati ta kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, sa'an nan ya nemi rance mai ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya har cikin shekara 30. Bankunan kasuwa nasu ruwan ya ninka wannan sau da yawa, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5. Ruwan bashi, kaɗan ne ko mai yawa, masu karatunmu sun san hukuncinsa, ba sai mun tsawaita ba. Akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, su kan sayi gida su sayar wa mutum da riba sananniya, ko su ba shi haya wadda za ta ƙare da mallaka. Wanda ya nufe su ya tambayi jimlar abin da zai biya tun daga farko har ƙarshe, ya kuma tambayi abin da zai faru in ya gaza. Amma yawancin jama'armu hanyar iyaye su ke bi: a sayi fili, a kewaye, a tayar da ɗaki biyu da makewayi, a shiga, a ci gaba sannu a hankali. Hanya ce mai albarka, sai dai a tuna buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Kada ɗan kasuwa ya zuba jarinsa duka a fandisho, gini ya tsaya a linta, rumfa kuma ta zama wayam. Ya rasa gida, ya rasa kasuwa.

Mas'ala ta biyar ita ce maƙwabta. Magabata sun yi wasiyya da a nemi maƙwabci kafin gida. Fili ya fi araha a can ƙarshen gari inda gidaje su ke jefi-jefi, amma a ƙarshen 2023 da farkon 2024 irin waɗannan wurare ne masu satar mutane su ka addaba a gefen Bwari da ƙauyukan Tafa. Ƙaramin fili a cikin jama'a, kusa da masallaci da makaranta da asibiti, ya fi babba a dokar daji. Kuma Suleja gari ne na kowa da kowa, da Gwari da Koro da Hausa da Fulani da Nufawa da mutanen kudu, Musulmi da Kirista. Wanda zai zauna a can ya shiga da niyyar kiyaye haƙƙin maƙwabtaka ga kowa.

To jama'a, ga inda magana ta tsaya. Malamin da zai kafa makarantarsa a inda ya sauka, da ɗan kasuwar da cinikinsa ya ke Suleja ko Madalla ko Zuba ko Dei-Dei, da mai sana'ar hannu wanda zai iya ɗauko sana'arsa ya dawo da ita kusa da gida, waɗannan Suleja ta dace da su, in takarda ta inganta, wuri kuma tudu ne. Wanda kuwa tilas ne ya shiga tsakiyar Abuja kowace safiya, kuma samunsa bai taka kara ya karya ba, kada ya yi gaggawa. Ya fara kama haya a unguwar da ya ke so, ya yi damina guda a can, ya rubuta abin da ya kashe a mota da ruwa da wuta. In ya ga zai iya, ya saya da natsuwa. In ya ga ba zai iya ba, hasararsa ba ta wuce hayar shekara ba, jarinsa kuma yana hannunsa.

Allah ya ba kowane magidanci muhalli na halal, ya haɗa mu da maƙwabta na gari, ya tsare dukiyar bayinsa daga hannun macuta. Amin. Haza wassalam.