Lamba Ta Kai 1080, Hoto Na Nan Dishi-dishi

Akwai wata fatawa da masu haɗa dish da masu sayar da talabijin suka yi ittifaƙi a kanta, daga Sabon Garin Kano har kasuwar Alaba ta Legas: idan ka shiga saitin dikoda ka ga lambobi a jere, 576 da 720 da 1080, danna wadda ta fi girma ka fita, an gama. Mai gida ya karɓa hannu bibbiyu, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. In hoto ya ƙi kyau bayan haka, sai a ɗora wa talabijin laifi, a ce ya tsufa, a fara tanadin sayen mai 4K. Ni na ce wannan fatawa ba ta da nassi, kuma ta sa mutane sun kashe kuɗi a inda cutar ba ta nan.

Hoton da kake gani a allo ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera layi-layi, kuma lambar da ke cikin saiti adadin layukan take faɗa. Tashar da ke watsa shiri a tsohon ma'auni, wanda muka gada daga tsarin layi 625 na Turai, tana aiko da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimla 414,720. Mai 720 tana aiko da 1280 sau 720, wato 921,600. Mai 1080 kuma 1920 sau 1080, wato 2,073,600. Allon 4K yana da ɗigo 3840 sau 2160, jimla 8,294,400. Duk wanda ke da kalkuleta a wayarsa ya raba da kansa ya gani. Idan ka kama tashar tsohon ma'auni ka ce wa dikoda ta fitar da ita a 1080, cikin kowane ɗigo biyar guda ɗaya ne kacal ya fito daga gidan talabijin, huɗun cikon na'ura ne. Idan allonka 4K ne, ɗaya cikin ashirin ne na gaskiya, sha tara kuwa kintace.

Dunƙulen fura ɗaya ne aka ba ka. Ko a ƙaramar ƙwarya ka dama shi ko a baho, hatsin da ke ciki bai ƙaru ba, ruwa ne ya ƙaru. Tun a kyamarar da ta ɗauki shirin da injin da ya harba shi sama aka yanke wa hoto hukunci, kafin ya iso kan rufin gidanka. Dikoda ba ta da hanyar dawo da abin da ba a aiko mata ba. Kuma ga abin da masu fatawar ba sa son a faɗa: ɗimbin tashoshin da ake kallo a gidajenmu, musamman na dish ɗin kyauta, da na wa'azi da na tsofaffin finafinai, a 576 suke isowa. Fim ɗin Hausa da aka kwafo daga faifan VCD ma ya fi haka rauni, don 352 sau 288 ne asalinsa. Ka sa masa lambar da ka ga dama.

Wani zai ce, to ai ko ba komai babu asara, tunda dole ne a cika allon, a bar dikoda ta cika shi mana. Nan ne kuskuren ya fi yin tsada. Gaskiya ne dole a cika allo, domin talabijin na zamani ba ya iya nuna komai sai a adadin ɗigon da aka ƙera shi da su. Tambayar ita ce wa zai yi cikon, kuma sau nawa za a yi shi. A dikoda akwai ƙwaƙwalwar da ke faɗaɗa hoto, a talabijin ma akwai. Wani lokaci ta dikoda ta fi, musamman idan talabijin ɗin irin marar sunan nan ne da aka manna masa tambarin babban kamfani. Amma mutumin da ya zuba kuɗi ya sayi talabijin mai kyau, sannan ya haɗa shi da 'yar dikoda mai araha ya ce ita za ta yi aikin faɗaɗawa, ya ajiye ƙwararre ya ba ɗan koyo aiki. Hoton da dikodar ta riga ta dagula, talabijin ba zai iya warware shi ba, a matsayin 1080 na gaske yake karɓarsa ya wuce da shi.

Ga kuma talabijin mai inci 32, wanda shi ne ya cika shagunan aski da ɗakunan samari da falon talaka. Mafi yawan irin wannan allo ɗigo 1366 sau 768 gare shi, ko da an rubuta HD da manyan haruffa a jikin kwali, har ma da 1080. Abin da rubutun ke nufi sau da yawa shi ne yana karɓar 1080, ba wai yana nuna shi ba. Sai tasha ta aiko da 720, dikoda ta miƙe shi zuwa 1080, talabijin ya sake matse shi zuwa 768. An sarrafa hoto sau biyu a inda sau ɗaya ya isa, kuma kowace sarrafawa tana ɗan cinye kaifinsa. A irin wannan allo sau da yawa 720 ta fi 1080 fitowa tsaf, amma je ka faɗa wa mai haɗa dish haka. Zai dube ka da tausayi ya ce, "Haba Alhaji, ya za a yi 720 ta fi 1080?"

Za ta iya fi, har a babban allo, kuma masu gidan kallon ƙwallo ne ya kamata su fi kowa sanin dalili. Dubi harafin da ke bin lambar. Idan 720p ce, cikakken hoto ake aikowa sau hamsin a daƙiƙa. Idan 1080i ce, rabin layuka ake aikowa, layi 540, sannan ɗaya rabin ya biyo baya, kuma tsakaninsu ƙwallo ta riga ta gusa daga inda take. Dole wata na'ura ta ɗinke rabi biyun nan, kuma idan ba ta iya ɗinki ba sai ka ga gefen ɗan wasa mai gudu ya yi haƙora-haƙora, rubutun da ke wucewa a ƙasan allo yana rawa. A Amurka, da aka zo zaɓen ma'aunin HD, NBC da CBS sun ɗauki 1080i, amma ABC da Fox da tashar wasanni ta ESPN suka ɗauki 720p, saboda motsi mai sauri ya fi zama daidai a cikinsa. Waɗannan kamfanoni ba kuɗin sayen babbar lamba suka rasa ba. Saboda haka idan tasha ta aiko da 720p kai kuma ka tilasta wa dikoda 1080i, ka ɗauki hoto cikakke ka tsaga shi biyu, ka ba talabijin aikin sake ɗinkewa, duk don ka ga lamba mai girma a kusurwar allo.

Sai babbar badaƙala, wadda ta fi duk waɗannan yawa a gidaje kuma ta fi su sauƙin magani. Leƙa bayan talabijin. Idan wayar da ta haɗa shi da dikoda ita ce mai kai uku, ja da fari da rawaya, to duk muhawarar nan ba ta shafe ka ba. Ja da fari sauti suke ɗauka, rawayar ce ke ɗaukar hoto, kuma ba ta iya wuce 576 ko da ka biya kuɗin babban tsarin wata, ko da saiti ya rubuta 1080. Na sha shiga falo na ga allon da ya kusa cika bango, dikodar HD a ƙarƙashinsa, ramin HDMI a buɗe ƙura na shiga, ga wayar rawaya tana aiki. An kashe dubban ɗaruruwa a allo, an ƙi sayen wayar da kuɗinta bai kai na cefanen yini ba. Haka ma wayar eriya da ake ja daga dikoda zuwa ɗakin uwargida, ita ma tsohon hoto take kaiwa. Kuma kada wani ya ruɗe ka da waya mai kan zinariya. A tazarar mita ɗaya ko biyu, wayar HDMI mai araha da ke aiki lafiya hoto ɗaya take bayarwa da mai tsada.

Akwai wasu saituna biyu da suka fi lambar layi tasiri a ido, amma ba mai kula su. Na farko shi ne siffar hoto. Tsofaffin shirye-shirye an ɗauke su a 4:3, allon zamani kuwa 16:9 ne. Mutanenmu ba sa son ganin baƙi a gefe da gefe, suna ganin an ci su kuɗin allo, sai a baje hoton ya cika. Faɗin kowane abu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Mai karanta labarai ya yi ƙiba da rana tsaka, malamin da ke tafsiri ya koma gajere, ƙwallo ta daina zama zagaye, kuma idon gida duka ya saba har ba a lura. Na biyu shi ne 50 da 60. Tashoshinmu da na Turai a kan hamsin suke tafiya, daidai da wutar lantarkinmu, na Amurka ne ke kan sittin. Mai bin fatawar babbar lamba idan ya ga 60 sai ya danna ta, ai ta fi 50. Daga nan duk lokacin da kyamara ta bi ƙwallo daga wannan gefen fili zuwa wancan, hoto ya riƙa ɗan tuntuɓe, shi kuma yana zagin iska da hadari.

Ban ce 1080 haramun ce ba. Idan allonka 1920 sau 1080 ne ko 4K, kuma tashoshin da ka fi kallo a 1080i suke zuwa, to 1080i ɗin ce daidai, saboda ita ce tashar ta aiko, ba don ta fi girma ba. Idan dikodarka tana da zaɓin da ke miƙa wa talabijin hoto yadda ya zo, wanda ake rubutawa Auto ko Native, gwada shi. Yana da nasa aibin, allo kan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi idan ka sauya daga tasha mai 576 zuwa mai 1080, kuma mai yawan danna rimot zai gaji. Rubutun jadawalin shirye-shirye ma ya fi fitowa da kyau a 1080. Waɗannan hujjoji ne na gaske, kuma duk wanda ya zaɓi 1080 saboda su na sallama masa. Wanda ban sallama wa ba shi ne mai zaɓa da ƙa'idar cewa babba ya fi ƙarami, ba tare da ya tambayi abin da tasha ke aikowa ko abin da allonsa ke iya nunawa ba.

Batun 4K kuwa, wanda yanzu ya shiga lissafin kayan ɗakin amarya, ido ma yana da iyakarsa. Allo mai inci 55 tsayinsa kusan santimita 68 ne. Ma'aunin da injiniyoyin talabijin ke amfani da shi ya nuna cewa mai lafiyar ido yana cin moriyar 1080 ne daga tazarar tsayin allo sau uku da ɗoriya, wato wajen mita biyu da ɗan abu, 4K kuma sai ya matso rabin haka, mita ɗaya da kaɗan. Wa ke zama mita ɗaya daga talabijin a falon Bahaushe, inda kujeru ke jingine da bango? Ƙari a kan haka, watsa 4K ta dish har yanzu abin biki ne. DStv ta nuna gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022 a 4K, amma ga masu dikodar Explora Ultra. Sauran ranaku allon na cika kansa da kintace.

Abin da ya fi ba ni haushi da wannan fatawa shi ne ta kawar da idonmu daga masu alhakin gaske. Tasha biyu za su iya zama 1080 dukkansu, ɗaya tana sheƙi, ɗaya ciyawar fili ta koma tabo-tabo da zarar an ruga da gudu, saboda an matse ta don a cusa tashoshi da yawa a hanya ɗaya. Wannan shawarar kamfani ce, babu maɓallin da zai gyara ta a gidanka. Haka nan komawa tsarin dijital. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adi, Najeriya ba ta cika ba, sai a Afrilun 2016 aka ƙaddamar da gwajin farko a Jos. An bar jama'a da zaton dijital na nufin HD, alhali tasha tana iya zama dijital kuma 576 take watsawa. Mai biyan kuɗin wata yana da haƙƙin a gaya masa ƙarara wace tasha ce HD a tsarin da ya saya, wacce ce ba ita ba, kuma hukumar NBC ta Najeriya mai kula da gidajen rediyo da talabijin ce ya kamata ta wajabta haka.

Kafin ranar ta zo, mai karatu, kada ka sayi sabon allo tukuna. Cire wayar rawaya ka sa HDMI, mayar da siffar hoto yadda aka ɗauke shi, tsayar da dikoda a kan 50, ka duba takardar talabijin ɗinka ka san ɗigo nawa gare shi. Sannan ka kama wasan ƙwallo, ka zauna a kujerar da ka saba zama, ka gwada 720 da 1080 ɗaya bayan ɗaya, ka bar wadda idonka ya zaɓa ko da ita ce ƙarama.