Amana Ba Ta Tsoron Lissafi: Ƙungiyoyinmu Na Bukatar Akanta

  

'Yan'uwa, duk wanda ya zagaya ƙasar Gumel, daga cikin gari zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, zai shaida cewa hannun mutanenmu a buɗe yake wajen aikin Allah. Kaka ta yi, manomi zai auna zakkar gero da dawa ya kawo. Ranar Alhamis, falken da ya sayar da shanunsa a kasuwar Maigatari zai ware na masallaci. Iyaye na biyan kuɗin Islamiyya, mata na tara na marayu. Tambayar da muke jin nauyin yi ita ce: wa ke rubuta waɗannan dukiyoyi, kuma wa ke bin sawun abin da aka rubuta?

A mafi yawan rassa da kwamitocinmu, mutum ɗaya ne ke karɓa, shi ke ajiyewa, shi ke kashewa, shi ne kuma ke ba da labari. Mun zaɓe shi don tsoron Allah, ba don ya iya lissafi ba. Idan shekara ta zagayo aka rasa inda buhu goma suka shiga, sai raɗe-raɗi su tashi, masu bayarwa su janye hannu, wani lokaci har jama'ar masallaci ɗaya su rabu biyu. Sau da yawa bawan Allahn bai ci ko kwabo ba, mantuwa ce kawai. To amma ba shi da takardar da za ta wanke shi. Mu ne muka zalunce shi da muka ɗora masa kaya ba gammo.

Ra'ayinmu shi ne, duk ƙungiyar da ke karɓar dukiyar jama'a ta ɗauki akanta, ta kuma biya shi albashi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Shari'a. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya ma'aikatan zakka cikin kashi takwas na masu haƙƙi a cikinta, malamai kuma sun ƙidaya marubuci da mai lissafi a cikinsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma yi tir da kyautar da ya ce shi aka ba. Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani don a san mai karɓa da abin da ya karɓa. Idan an bincike sahabi, wane ne mu da za mu ce bincike cin fuska ne?

Wasu za su ce ba kuɗi. Gaskiya ne ƙaramin reshe ba zai iya riƙe akanta shi kaɗai ba. Amma me zai hana rassan ƙananan hukumomin nan huɗu su haɗa hannu su ɗauki mutum ɗaya, ya riƙa zagaya su mako-mako? Abin da ke salwanta saboda rashin rubutu yakan fi albashinsa.

Wajen zaɓe kuwa, mu tuna siffofi biyu da Annabi Yusuf (AS) ya ambata lokacin da ya nemi riƙon taskokin Masar: tsare amana da sanin aiki. Ɗaya ba ta wadatarwa. A nemi wanda ya karanci lissafin kuɗi, a ga takardarsa, a tambayi inda ya taɓa aiki. Kada ya zama ɗa ko ƙane ko surukin shugaba ko na ma'aji. Kada kuɗi su kwana a hannunsa: ma'aji ya ajiye, akanta ya rubuta, asusun banki kuma ya zama sai da sa hannun mutum biyu. Kowace gudummawa a yanka mata rasit, hatsi a rubuta shi da buhu da kwano. A raba littafin zakka da na sadaka da na waƙafi, domin zakka tana da masu ita, ba a gina bango da ita. Duk wata uku a karanta wa jama'a rahoto, a ƙarshen shekara a gayyato mai bincike daga waje.

Lokacin da aka sanya hannu a dokar kamfanoni ta CAMA a watan Agusta 2020, ƙungiyoyin addini da dama sun yi ƙorafi a kan ikon da ta ba hukuma a kansu, har magana ta kai kotu. Ko yaya shari'ar ta kaya, mu wajibinmu ya girmi wannan doka. Ƙungiyar da littattafanta suke a tsare ba ta fargabar mai bincike, na gwamnati ne ko na unguwa.

Muna wa'azi a kan masu wawure dukiyar al'umma. Maganarmu ba za ta yi nauyi ba sai ranar da talakan da ya ba da kwano biyu na gero zai iya tambayar inda suka tafi, a buɗe littafi a nuna masa. Muna kira ga shugabannin rassa su sanya wannan batu a taronsu na gaba, kafin zakkar bana ta shigo rumbu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sauƙaƙa mana hisabi ranar gobe.