Hayaƙin Duniya Yana Sa wa Teku Tsami

Masu karatu su sani, hayaƙin gawayin kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa a duniya ba duka yake tsayawa a sama ba. Masana sun tabbatar teku tana shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ke cikinsa. Da an ce wannan sauƙi ne ga mutane, sai dai iskar nan in ta gauraya da ruwa takan haifar da tsami. Tun daga fara aikin masana'antu a Turai zuwa yau, tsamin ruwan saman teku ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100.

Harshe ba ya jin wannan tsami, amma halittu masu ɓawo suna jinsa. Kawa da murjani da wuri, wanda fatake suka daɗe suna ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, duk da sinadarin alli suke gina jikinsu. In ruwa ya karkata ga tsami, ginin yakan yi musu wuya, ɓawon ya fito da rauni. Daga cikin masu ɓawon nan akwai ƙanana ƙwarai waɗanda kifi ke ci, kifi kuwa abincin miliyoyin mutane ne.

Alamar ta bayyana a jihar Oregon ta Amurka a 2007 da 2008, inda 'ya'yan kawa suka riƙa mutuwa da yawa a wurin ƙyanƙyasarsu. Da aka bincika, sai aka tarar ruwan da ake jawowa daga teku ne ya yi tsami. Masu sana'ar suka shiga auna ruwan, suna zuba masa wani gishiri ɗan uwan kanwa, kamar yadda uwargida ke kashe tsamin yakuwa a tukunya. Da haka sana'arsu ta farfaɗo.

To, dabarar nan ta kwatarniya ce. Babu ayarin da zai iya ɗauko kanwar da za ta ishi teku. Maganin yana wurin da ake hura wutar, wato rage ƙona kwal da mai, kamar yadda ƙasashe suka yi alkawari a birnin Paris a 2015. Muddin hayaƙin yana ƙaruwa, tsamin ma ƙaruwa zai yi, masunta da masu sayen kifi su ne za su biya.