GURGU MA YANA DA HAKKI A KAN TITI

Jama'a, duk wanda ya saba bin titin Kalgo zuwa Birnin Kebbi, ko ya zauna bakin kasuwar Gwandu, ya san mutanen da za mu yi magana a kansu. Su ne 'yan'uwanmu guragu waɗanda suka ƙi bara. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa, ya sayi babur, ya kai wa mai walda ya ƙara masa ƙafa ta uku, ya mai da giya da birki hannu. Da shi yake kai buhun shinkafa kasuwa, da shi yake ci da iyali. A 2020 aka shaida Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, magidanta ne.

To, ga tambayarmu: ina lasin ɗinsu?

Rashin sani ya fi dare duhu. Talakawa da yawa suna zaton doka ta hana gurgu tuƙi. Ba haka ba ne. Cikin azuzuwan lasin na ƙasar nan, watau A na babur, B na ƙaramar mota, har da aji J, wanda aka keɓe musamman domin masu naƙasa. Kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta yanka wa mai laifi tarar ₦100,000 ko ɗaurin wata shida. Doka tana nan a takarda. Abin da ya rage, ta sauko ta iske talaka.

Gama wanda ba shi da lasin, kullum a hannun wani yake. In an tsai da shi a hanya, sai roƙo. In mai babbar mota ya buge shi, ko da gaskiyarsa, tambayar farko ita ce takarda, nan take mai gaskiya ya koma mai laifi. Babur ya tafi, sana'a ta tafi, sai a koma ƙofar masallaci da ƙoƙo.

Kada a ce muna neman alfarma. A'a. Mai shekara ƙasa da 18 kada a ba shi. Wanda idonsa bai gani sosai kada a ba shi, ko ɗan wane ne, gama rai ba abin wasa ba ne. Amma a gwada mutum a kan abin da zai hau, ba a dubi ƙafarsa a sallame shi ba.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, da masu duba motoci na Jihar Kebbi, su sa rana su zo Gwandu da Kalgo su yi gwaji a nan. Su duba aikin masu walda, su fitar da ƙa'idar birki da fitila. A karanta dokokin hanya da Hausa a rediyo da tashar mota.

Ku kuma 'yan'uwa, ku haɗa kai, ku rubuta sunayenku, ku tafi tare. Ku sa hular kwano, ku bar lodin da ya fi ƙarfin babur. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya kiyaye hanya, amin.